Malam Maharazu, Wanda Ya Koya Mini Numfashi

Na Allah muke, komawarmu kuma gare Shi take. Ranar Talata, 9 ga Maris, 1976, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Maharazu Ɗalha a wani asibiti kusa da Woolwich, bayan ya sha fama da ciwon fuka shekara da shekaru. Mun yi masa sutura ranar Alhamis a nan Landan, ana yayyafi. Ni Zailani, abokin aikinsa a gidan rediyo, nake wannan rubutu, kuma ba yabo kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai haƙƙinsa a wuyana.

Malam, ka san yadda na zo a 1974, lokacin da arzikin mai ya buɗe, kowane jirgin Kano sai ya sauke ɗalibai da ma'aikata. An ba ni wata uku na gwaji a sashen labarai. Da zarar jar fitilar fara karatu ta kama a studio, sai in karanta layi biyu in fara haki. Shugabanmu ya ce in ban gyara ba gida zan koma, ni da aka raka filin jirgi da mota uku! Ka same ni a wurin shan shayi na zabga tagumi, ka ce, "Zailani, muryarka lafiya lau take. Numfashi ne ba ka iya ba." Wallahi na ji haushi. Mutum da gemunsa a ce bai iya numfashi ba?

Ka sa na ɗora tafin hannu a kan cibiya, in ja iska ta hanci ina ƙirga huɗu har ciki ya taso, in riƙe, sannan in sake ta a hankali ina ƙirga takwas. Daga baya ka nuna mini toshe ƙofar hanci ɗaya da yatsa, a ja ta hagu a saki ta dama, sannan a sauya. Ka ce akwai ƙarfin rai da ke zagaya jikin mutum ta wasu hanyoyi, kamar ruwa a magudanar lambu; tsoro da gaggawa ke toshe su, numfashi a tsanake ke buɗewa. Ni dai ban ga hanyoyin nan da idona ba. Abin da na sani, bayan mako shida na karanta labaran duniya minti goma ban yi tuntuɓe ba, aka tabbatar da ni a aiki. Tun daga lokacin, in fitila za ta kama, sai ka ɗaga mini yatsu huɗu ta bayan gilashi.

Ba ni kaɗai ba. Ɗalibai nawa suka biyo tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har gidanka ana gobe jarrabawa, ka zaunar da su ka koya musu, maiɗakinka Yaya Luba ta cika musu ciki da tuwo?

Yanzu ga abin da na yi maka. Wata Asabar da safe, cikin tsananin sanyin Janairu, na zo gidanka ba sanarwa. Yaya Luba ta buɗe mini, ta ce kana yoga. Ranar na fara jin sunan abin da ka koya mini. Na leƙa falo na gan ka kan darduma, ƙafa a harɗe, ido a rufe, kai da wani dattijo Ba'indiye, kuna fuskantar wutar gas da ke ci a jikin bango. Ko sallama ban yi ba na juya. Washegari a Stratford, gidan da muke taruwa duk Lahadi kana ja mana Azahar, na buɗe baki na ce na ga Malam zaune gaban wuta da wani Ba'indiye. Ban ce kana bautar wuta ba, amma na san abin da za a ji ke nan.

Sanyi ne ya kai ku gaban wutar. Huhunka ba ya jure sanyi, nan ne kaɗai wuri mai ɗumi a gidan. Dattijon kuwa mai sayar da yadi ne a Deptford, shi ya tsince ka a bakin titi fuka ta kayar da kai, ya koya maka yadda za ka lallaɓa numfashinka. Kuma da tasbihi kake ƙirgawa. Duk wannan Yaya Luba ta gaya mini bayan wata biyu, tana kallona ido cikin ido.

Ba a sake gabatar da kai limanci ba. Ka koma sahun baya, shekara guda da wata biyu, ba ka taɓa ɗaga maganar ba, ba ka kuma fasa ɗaga mini yatsun nan huɗu ba. Ni kuwa kullum sai in ce gobe zan nemi gafara. Kunya ce da girman kai, ba ni da wani uzuri.

Ranar Talatar nan na iso asibiti da sassafe, na shirya kalmomina tun a hanya. Na tarar numfashinka na sarƙewa, idonka cike da tsoro. Kana ta ƙoƙarin yin kalmar shahada, amma da ka ce "La ilaha" sai iska ta yanke. Sau uku haka. Na gane abin da ya rage maka ba zai ɗauki magana biyu ba, ko dai "na yafe" ko kalmar. Sai na haɗiye tawa, na ɗora hannu a kan cibiyarka, na fara ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ka bi ni da ƙyar. A karo na shida cikinka ya taso, ka sake iskar a hankali, kalmar ta fito cikakkiya har ƙarshenta. Ba ka ƙara magana ba.

Jama'ar Stratford, ku shaida: abin da na jefa a zukatanku ba gaskiya ba ne. Da jahilcina na raba ku da limaminku, kuma da kunnena na ji abin da ya cika da shi.

Allah Ka jiƙan Malam Maharazu, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa fiye da yadda ƙirjinsa ya ƙuntata a duniya, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yansa Saudatu da Abdulƙadir, da 'yan'uwansa na gida, da dattijon nan na Deptford da ya tsaya daga nesa a maƙabarta yana share hawaye. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Yaya Luba, abin da ban samu na ji daga bakinsa ba, ina roƙonsa a naki. Ki yafe mini.