Abin da Rumfar Keke Ta Ja Mini

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambayar ina hotunan keken Asabar da labarin ginin bayan gida, ku yi haƙuri. Asibiti na kwanta, har ciki aka yanka mini. Mai cin abinci ya gama tukuna kafin ya karanta.

Kun tuna bara na yi wa kekunana biyu rumfa a gidanmu na Karu. Inda nake son rumfar, nan ne tsohon ramin sokawe yake, wato matattarar ƙazantar banɗaki. Na ce a cike shi a haƙa sabo daga gefe. Malam Iro, birkilan da ke mana aiki, ya auna da ƙafa ya ce, "Oga, ya yi kusa da rijiya fa. Taku takwas ne kawai."

Na ce siminti zai riƙe. Har da gaya masa na yi kimiyya a makaranta. Ya ɗauki shebur.

Damina na kankama matata ta ce, "Baban Ummi, ruwan nan ya canja." Ta koma sayen fiya wata don sha da girki. Na ce almubazzaranci ne. Ni dai kullum daga famfon tsakar gida, mai jawo ruwan rijiyar, nake cika gorata in hau keke.

Gajiya ce ta fara. Hawan da na saba yi a hanyar Karshi ina hira da abokan tafiya, ran nan sai da na sauka na tura. Sai zazzaɓi da ciwon kai. Na sayi maganin maleriya a kemis, na sha har zagaye biyu. Mako na uku, muna karyawa, wani ciwo ya soke ni a ciki kamar an luma wuƙa. Kafin azahar cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga.

A asibiti an ɗebi jini, an yi hoto, an yi sikanin. Likitar ta ce, "Alhaji, taifot ne, kuma ya huda maka hanji. Abin da ke cikin hanjin yana zuba a cikinka. Yau za mu shiga tiyata."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ummi, 'yarmu ta fari, tana watan haihuwa. Da ake tura ni, abin da ke raina shi ne ko zan ga jikan nan.

Na farfaɗo da roba a hanci tana janyo wani koren ruwa, wata a gefen ciki tana tsiyayar ruwan ɗiwa cikin leda. Kwana shida ko ruwa ban sa a baki ba. Ɗinkin ya ruɓa daga ƙasa, aka warware zare uku, kullum da safe nas ta matse ta wanke. Ni da kaina nake kau da kai saboda wari. Matata ce mai riƙe tasa, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Kuɗin da na ware don tayil ɗin falo, duk a kantin magani ya ƙare.

Ranar da aka cire robar hanci likitar ta tambaye ni inda nake samun ruwan sha. Na ce rijiyata, da alfahari ma. Ta ce a kai a gwada.

Sakamakon ya nuna ƙwayoyin bayan gida. Malam Iro ya tona, ya tarar bangon sokawen ya tsage, baƙar ƙasa mai ɗoyi ta miƙe sak zuwa rijiyar. Da aka nuna mini hoton a waya sai da na yi amai, ga ɗinki a ciki. Watanni ina kurɓar kashin gidana, ina alwala da shi, ina kuskure baki.

A wannan makon Ummi ta haifi mace. Gidanmu aka shirya za ta zo wankan jego. Da ruwan nan za a yi wa jaririyar wanka. Dole aka wuce da su gidan gwaggonta a Abaji.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Na daɗe da jawo famfo ɗaya waje don maƙwabta su ɗiba, sadaka. Da aka sallame ni, ina dafa bango, na bi gida gida ina faɗa musu. Mama Ladi mai sayar da doya a bakin layinmu ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Oga, mu ai mun daɗe da bari. Wanki kawai muna yi da shi. Ruwan yana wari."

Na ce, "To me ya hana ku gaya mini?"

Ta ce, "Mutum ya ba ka kyauta, za ka ce masa abin shi yana wari?"

Duk layin sun sani. Ni kaɗai ne mai sha.

Alhamdu lillahi, babu wanda ya kwanta a cikinsu. An cike rijiyar, an sake wa sokawen wuri. Ciwon ya rufe, ina cin tuwo, likita ta ce keke sai bayan wata uku. Jikata ta zo ranar arba'in, an sa mata Hauwa'u, kuma ba ta yi kuka a hannuna ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da abokan keke da suka ba da jini leda biyu, da Maman Ummi. Malam Iro ya zo dubiya sau uku, ko sau ɗaya bai ce ai na faɗa maka ba. Allah Ya saka masa.

Shawarata: zazzaɓin da ya wuce kwana uku, a bar kemis a je a yi gwaji. Mai rijiya ko burtsatse ya kai ruwansa a duba, musamman da damina, kuma a tafasa na sha. In za ku haƙa sokawe, ku nisanta shi da ruwa, ko da mota za ta kwana a waje.

Kuma don Allah, in maƙwabcinka yana shan abin da kai ka ƙi, ka cire kunya ka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Gara ya ji haushinka yana tsaye da ƙafafunsa.