Ɗan Baƙin Cikin Anti

Kafin Anti mai fotokwafi ta shiga makarantar koyon haɗa manhaja, sai da ta tambaya a zauren tsofaffin ɗalibai na intanet. Kowa ya lasa mata zuma a baki, ban da mutum ɗaya: "Anti, malaman kirki ne, amma gudu suke da darasi kamar an biyo su. Za ki yi kuka. Ni ma na yi."

Ta ja tsaki: "Ɗan baƙin ciki!"

Ranar da darasi ya sha mata kai, tana hawaye bayan injinta, maganarsa ce ta riƙe ta. Ashe ba daƙiƙancinta ba ne.

Yau manhajarta ke karɓar aikin kwastomomi. Sunansa ba ta sani ba, sai dai ta ɗaga hannu: "Allah, ka saka wa ɗan baƙin cikin nan da alheri."