Ranar da Duba-Gari Ya Kwashe Baƙar Ƙasa

Yayana shekararsa hamsin da biyu a duniya, kuma har yau ba wanda ya taɓa ganin baƙi a farcensa. Ɗan mai zubin ƙarfe ne fa, jikan mai zubin ƙarfe, an haife shi a ɗakin da bangonsa ɗaya da tanderu. Amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tun muna yara 'yan layinmu suka laƙaba masa Duba-Gari, don in ya shiga wuri ba gaisuwa yake fara yi ba, sai ya shafa yatsa a kan tebur ya duba. Sunan ya bi shi har gidan aurensa, matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Shagonmu rumfar kwano ce mai faɗi da ƙofa ɗaya. Muna sayen tsofaffin ƙarafa, kan injin mota da ya tsage, ƙafar keken ɗinki, duk abin da ya mutu, mu narka a tanderu, mu zuba faifan injin niƙa da dutsen guga da murfin kwalbati. Wanda bai sani ba yana zaton wuta ce uwar aikin. Ba ita ba ce, ƙasa ce. Ana danna samfurin katako cikin ƙasa a akwati, a daddale, a zare samfurin a hankali, ramin da ya bari shi ake cikawa da narkakken ƙarfe. In ƙasar ba ta riƙe ba, ko gawayin duniya ka ƙona, tarkace za ka fitar.

Tamu tana kusurwar hagu, tuli guda da ya kai ƙugun mutum, baƙa ƙirin. Kakanmu ya fara haɗa ta da yashi mai laushi da yumɓu da garin gawayi. Duk zubin da aka gama sai a farfasa akwati, a tankaɗe ta a rariya, a mayar, a ƙara mata abin da wuta ta cinye. Shekara sittin ana haka.

Wannan tulin shi ya riƙe mana Baba. Idonsa ya tafi shekara shida da suka wuce, sai kuma mahaifiyarmu ta rasu a shekarar da ta biyo. Ya kwanta ya juya fuska bango, abinci sai an yi da gaske. Wata rana dabara ta faɗo mini, na ce, “Baba, ƙasar nan ta ƙi ni, zubi uku ke nan yana lalacewa.” Ƙarya nake. Ya tashi zaune ya ce a miƙo masa takalmi. Tun daga ranar, kowace safiya nakan riƙo hannunsa mu tako zuwa shago. Ya tsuguna gaban tulin, ya cusa hannu har wuya, ya damƙo, ya matse. In shatin yatsunsa ya fito, ya karya curin biyu ya rabu ba tare da ya marmashe ba, sai ya ce, “Auta, hura wuta.” In ba haka ba ya ce, “Ta bushe, ƙara mata ruwa kofi biyu.” Aikin da ya rage masa a duniya ke nan, kuma saboda shi yake karya kumallo da safe.

Shi kuwa Yaya, tun yana ƙarami ya ce ba zai yi aikin ƙazanta ba. Ya yi makaranta har inda ƙwaƙwalwarsa ta tsaya, wato ba nisa. Ya samu aikin akawu a wani sito, aka sallame shi bayan wata biyar, saboda ya sake jera fayil-fayil ɗin ofis bisa launin bangonsu, ja da ja, kore da kore, aka kwana bakwai ana neman takarda ɗaya. Ya buɗe kantin takalma. Kantin ya yi kyau kamar ka lashe, sai dai ba ya son a gwada, wai ƙafar mutane tana ɓata masa kaya. Kowa ya san yadda kantin takalmin da ba a gwadawa yake ƙarewa.

Yana da shekara arba'in ya dawo shago, ba a matsayin mai aiki ba, wai manaja. Ya ɗinka farar riga mai aljihu uku irin ta likitoci. Farar riga, a wurin zubin ƙarfe! Ya sayi tsintsiya huɗu, kowacce da ƙusarta. Ya zana siffar kowane kayan aiki a bango da jan fenti, guduma da awartaki da magagari, don a san inda kowa ke kwana. Kana cikin aiki ka ajiye guduma ka juya ka share gumi, kafin ka waiwayo ta koma bango. Ranar zubi kuwa, ranar da ni da ma'aikatanmu uku muke ɗaukar ludayin ƙarfe yana tafasa, ƙafafunmu na rawa, sai ka hango manaja a tsallaken titi, hankici a hanci, yana ɗaga murya, “A hankali! A hankali dai!” Shekara goma sha biyu bai taɓa kama marikin ludayi ba. In baƙo ya zo kuwa, “mun zuba”, “mun narka”, har da nuna tanderu da biro.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da ba ta yi mini daɗi. Kafin zuwansa hanyar da ke tsakanin tanderu da akwatunan zubi cike take da guntayen ƙarfe, kuma tabon da ke ƙaurina na dama a nan na samo shi. Shi ya share hanyar ya ja mata farin layi, tun daga nan ba wanda ya sake tuntuɓe. Na yarda. Da ya tsaya nan da na riƙa sa masa albarka. Amma mutumin da abu ɗaya kawai ya iya a duniya ba ya sanin inda zai tsaya.

Tulin ƙasar nan ya tsone masa ido tun ranar farko. Juji yake kiransa.

“Auta, wai jujin nan sai yaushe? Baƙo ya shigo ya ga wannan, ai sai ya ce ba mu waye ba.”

“Yaya, jujin nan shi ya ɗinka maka rigar da ke jikinka.”

Ranar da ya faɗa a gaban Baba, tsohon bai ko juyo ba. Ya ce, “Share duk inda ka ga dama, har sararin sama in tsintsiyarka ta kai. Kusurwar nan dai ka bar mini.” Yaya ya ce to. Na san irin wannan to ɗin tun muna yara.

Sai ga takarda daga ƙungiyar masu sana'a ta unguwa, wai za su zagaya ranar Alhamis su ba shagon da ya fi tsabta shaidar yabo. Abin nema ya samu. Yaya ya kwana uku yana shafa farar ƙasa a bango, ya goge jikin tanderu da tsumma, har kashin ƙarfe, dattin narka da muke tarawa a bayan rumfa, ya jera shi manya daban ƙanana daban. Ranar Laraba ce ranar da nake kai Baba asibitin ido a duba shi, kuma Yaya ya san layin asibitin ba ya ƙarewa kafin la'asar.

Na mayar da Baba gida, na biya shago don in rufe. Ina shiga na ga wurin ya yi wani irin haske. Kusurwar hagu an wanke ta tas, an kewaye ta da bulo, an cika da farin yashi mai ƙyalli, irin wanda magina ke saye. An ma bi samansa da katako an daidaita.

“Yaya, ina ƙasar?”

“Ka ga yadda wurin ya fito?” Yana murmushi, hannu a aljihu. “Baro goma sha tara aka kwasa. Kuma ban yi asara ba, ramin nan na bakin titi da ke tara ruwa, shi na sa aka cike. Jifa ɗaya tsuntsu biyu.”

Na fita a guje. Ramin ya cike, an zuba tsakuwa a kai, motocin yini guda sun bi sun danne. Na tsaya ina kallo. Da ba uwa ɗaya ta haife mu ba, da ranar an ji mu a ofishin 'yan sanda.

Na koma shago na ce, “Me za ka gaya wa Baba gobe?”

“Haba Auta, mutumin da ba gani yake ba? Ƙasa ai ƙasa ce. Ka yayyafa mata ruwa kafin ya iso, shi ke nan.”

Ka ji fa. Shekara hamsin da biyu a gidan zubi, abin da ya fahimta ke nan.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na koma gida na zauna gaban Baba, na buɗe baki sau uku na kasa. Da safe ya riga ni shiryawa, takalmi a ƙafa, yana cewa mu yi sauri, jiya bai taɓa ta ba, ya san ta bushe. Na riƙo hannunsa muka tako, ina jin kamar wanda ke jan rago zuwa mahauta.

Yaya na bakin ƙofa cikin rigarsa da ta sha guga. Baba ya ƙirga takunsa kamar kullum, ya tsuguna, gwiwarsa ta bugi bulo. Ya tsaya. Ya shafa bulon, ya miƙa hannu ya cusa. Ya damƙo ya matse, ya buɗe tafinsa, yashin ya zube ta tsakanin yatsunsa. Ya sake damƙowa daga wani gefen. Ya kai hanci ya shinshina.

“Sabuwa ce, Baba,” in ji Yaya. “Mai tsabta. Daga bakin kogi aka kawo.”

Baba ya juyo wajena. Ya ce, “Auta, ina aka kai ta?”

Na kai shi bakin titi. Ya tsuguna a gefen ramin, masu babur na kauce masa suna danna oda. Ya ture tsakuwa da yatsu, ya yi ta tono har farcensa ɗaya ya fashe. Can ya kai ga baƙar. Ta cuɗe da tsakuwa da fasasshiyar kwalba da baƙin mai, ba rariyar da za ta cece ta. Ya damƙo ya matse, ya buɗe. Shatin yatsunsa huɗu ya fito rangaɗau. Ya juya curin a hannu, ya karya shi biyu, gefensa ya ɗan marmashe.

“Ta bushe,” ya ce a hankali. “Da an ƙara mata ruwa kofi biyu.”

Na juya baya don kada ma'aikata su ga fuskata. Juyawar da zan yi sai ga Yaya tafe da buta da sabulu da ɗan tawul a kafaɗa.

“Baba, ka wanke hannu, 'yan ƙungiya suna hanya. Kada ka dafa bango, jiya aka shafe shi.”

Baba ya haɗe curin biyu ya jefa a aljihun rigarsa. Ya miƙo mini hannu, baƙi ƙirin, ya ce, “Kai ni gida.”

Mun ci gasar. Shaidar tana rataye a bango cikin gilashi, daidai saman farin yashin, kuma Yaya yana goge ta kowace safiya kafin ya gaida kowa. Ni na sha wata uku ina haɗa sabuwar ƙasa, ina ƙara yumɓu ina ragewa, na lalata faifan niƙa sun fi talatin kafin ta fara riƙewa. Yanzu tana aiki, ba laifi. Tun kafin ta fara riƙewa na je na gaya wa Baba ta ƙi ni, na roƙe shi ya zo ya duba mini. Wannan karon ba ƙarya nake ba, amma ya ce, “Taka ce, Auta, ban san ta ba.” Ya juya fuska bango. Watansa biyar ke nan bai sa takalmi ba, kuma kwanon safe yadda aka kai shi haka ake ɗauko shi.

Da na faɗa wa Yaya, cewa ya yi tsufa ne, kuma dama ƙurar shago ba ta da kyau ga ƙirjin tsoho. Ko a jikinsa. Har yau yana ganin alheri ya yi mana, mu ne ba mu da godiya.

Curin nan yana kan tagar ɗakin Baba, inda hannunsa ke kaiwa daga gado. Ya bushe ya yi tauri, shatin yatsun na nan. Wani lokaci in na leƙa sai in tarar ya ɗora yatsunsa a cikin shatin yana kwance.

Jiya Yaya ya zo gaishe shi. Ina tsakar gida na ga ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, idonsa ya sauka kan tagar, hannunsa ya tafi aljihu ya zaro tsumma. Na riga shi isa tagar.