Takabar Dijatu da Karen Tambari

A Ƙofar Rini, in ka ce Dijatu kawai, sai an tambaye ka wacce. In ka ce Dije mai kare, kowa ya gane. Ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta son sunan nan, domin ba ita ta nemi karen ba.

A Gidan Dahala aka haife ta, 'yar wani maɗinkin hula. Ta auri Tambari a farkon shekarun hamsin, ta tare a ɗan gidansa mai ɗaki biyu da rijiya a tsakar gida. Tambari fatu yake saye a ƙauyuka yana kai wa majema, amma da rani ya kama sai ya bi abokansa farauta a dajin bayan Wamakko. Allah bai ba su haihuwa ba. Ita tana kaɗi, tana suyar ƙuli-ƙuli, wata dattijuwar maƙwabciyarsu, Inna Atika, tana sayar mata.

Wata rana Tambari ya dawo da ɗan kwikwiyo ja mai dogayen ƙafafu, ya sa masa suna Guguwa. Sunan ya bi shi. Kare ne da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya; ko ruwa yake sha, bindinsa da ƙafafunsa na baya suna rawa. Amma kullum da safe Tambari kan fita da shi bayan ganuwa, ya yi gudu har ya gaji, don haka Dijatu ba ta san nauyinsa ba. Iyakarta da shi ta ce a kawar mata da shi daga wajen butarta.

Da daminar shekarar da aka samu 'yancin kai, Tambari ya kwanta da zazzaɓi, bai tashi ba. Dijatu ta shiga takaba. A kwanakin nan ne kuma wani mahaukacin kare ya ciji mutane a bakin kasuwa, aka yi shela cewa duk karen da aka gani a waje za a kashe shi. Sai aka rufe ƙofar zaure a kansu su biyu.

Da 'yan zaman makoki suka watse, gidan ya zama na Guguwa. Daga asuba yake fara zagaye: zaure, rijiya, madafa, ya koma zaure. Ya tone gindin katanga, ya yage tabarma, ya kwance mata zaren da ta kaɗa ya ja shi har bakin ƙofa. Ta ɗaure shi da igiya a turke, ya yi ta fizga har wuyansa ya saɓule. Ta kwance shi don tausayi, ya kifar da kwaryar man gyaɗa. Ta yi masa tsawa, ta jefe shi da muciya, shi kuwa ya ɗauka wasa ne, ya ɗauko muciyar ya kawo mata. Ranar nan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da gawa.

Junaidu, ƙanen mijinta, ya zo ya tsaya a zaure, bai shigo ba.

"Yaya Dije, maƙwabta na ƙorafi. Karen ga ba shi zama gidan ga. Ki bari in hita da shi."

"Ina za ka kai shi?"

Ya kau da kai. Ta gane kashe shi za a yi.

"Abin da yayanka ya bari ne mai numfashi," ta ce. "Ka ba ni in gama takaba. In bai natsu ba, ka yi yadda ka ga dama."

Ba don tana son karen ta faɗi haka ba. Ta dai ga cewa in aka fita da shi, ba sauran abin da zai motsa a gidan sai ita.

Ba ta san komai game da horon kare ba, amma tana da lokaci, ba kuma inda za ta je. Ta fara lura da shi. Ta ga duk sa'ad da ta ɗaga murya sai ya ƙara hauka, in ta yi shiru sai ya tsaya yana kallonta. Ta daina tsawa. In ta zuba masa tuwo a kasko, sai ta riƙe kaskon a sama, ta ce a hankali, "Kwanta." Ya yi tsalle, ya yi haushi, ya zagaye ta, ita kuwa tana tsaye, hannunta na sagewa. Sai ya gaji ya sa cikinsa a ƙasa, sannan ta ajiye. Ranar farko tuwon ya huce sarai kafin ya ci.

Ta kuma ga abin da yake nema aiki ne. Ta roƙi Inna Atika ta riƙa karɓo mata ƙashi wajen mahauta. Ta rufe karen a madafa, ta ɓoye ƙashin a cikin karan dawa ko ƙarƙashin tsohon turmi, ta sake shi. Ya sa hanci a ƙasa ya yi ta bi, in ya samu ya kwanta yana gwagwiya har rana ta yi sama. Da la'asar ta ɗaura masa igiya su zagaya rijiya tare. In ya ja, ta tsaya cak. In igiyar ta yi sako-sako, ta ci gaba.

Inna Atika ta leƙo ta gan su, ta ce, "Ɗiyata, mi kike yi haka? Mai takaba da jan kare?"

"Inna, ni da shi duka ba mu da wajen zuwa."

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai ranar da zai wayi gari kamar ba a taɓa koya masa komai ba. Ranar bikin 'yancin kai ita ce mafi wuya. Tun da hantsi gari ya ɗauki kiɗa, 'yan makaranta suna wucewa da waƙa, ana harba bindiga daga nesa. Guguwa ya ji ƙarar da ya saba ji a daji, ya rikice, ya haye kan tarin itace yana neman tsallake katanga. Da ya faɗa waje, da shi ke nan. Dijatu ta so ta yi ihu, ta haɗiye. Ta zauna a bakin rijiya ta ɗauki mazarinta, ta ce, "Guguwa, kwanta." Ta sake faɗa. Ya juyo, ya sauko ya kwanta kusa da ƙafarta. Haka suka yini, tana kaɗi, ana shagali a bayan katanga. Abin da ta sani game da ranar ke nan, sai abin da Inna Atika ta ba ta labari.

Da ta fita takaba, yayanta ya aiko daga Gidan Dahala ta koma gida, amma ya ce ban da kare. Junaidu ya kai Guguwa wajen Sodangi, abokin farautar Tambari a Wamakko. Bai yi mako ba ya tsinke igiya ya dawo, ƙafafunsa duk ƙaya. Aka sake mayar da shi, ya sake dawowa. Sodangi ya aiko cewa ba ya jin maganar kowa a can.

Sai Dijatu ta zauna a gidan Tambari, ba ta koma gida ba. Junaidu ya shigo gidan da iyalinsa, ya bar mata ɗakin baya. Masu neman aure suka zo, da suka ji sharaɗin kare suka janye. Biki ko suna ba ta iya daɗewa, domin da ta yi nisa sai karen ya koma halinsa na dā, matar Junaidu ta aika a kira ta. Wani lokaci takan dube shi ta ce, "Kai ne ka ɗaure ni," ya kaɗa bindi.

Guguwa ya tsufa a gidan, ya mutu da wata damina a bakin ƙofarta. Junaidu ya ce zai iya samo mata wani kwikwiyo. Ta ce a'a, ya isa. Ta ci gaba da kaɗi da suyar ƙuli-ƙuli a ɗakin bayan nan, har idonta ya daina ganin zare.