Alhamis Ɗin da Yaya Sule Ba Ya Rubuta Suna

Ranar Litinin ce, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, a farkon damina. Mu uku ne a ɗakin: ni, da matarsa Hajara, da Malam Tanimu direban taraktar ƙungiyar manoman garinmu, wanda ya shigo dubiya da baƙin mai a hannunsa. A gabanmu Allah Ya karɓi ran yayana Sulaiman, wanda duk yankinmu na Ƙofa ake kira Sule Sakatare. Shekara bakwai ke nan. Na riƙe mintin ne saboda aikin gidan rediyo ya saba mini da duban agogo. Shi kuwa bai taɓa ɗaura agogo ba, kuma ban san mutumin da ya taɓa cewa ya saɓa masa rana ba.

Shekara goma sha takwas ya yi yana tsara wa tarakta ɗaya tilo gonakin da za ta shiga. Kayan aikinsa biyu ne: kalandar bango irin wadda masu sayar da taki ke rabawa, da fensir ɗaure da zare. Biro ba ya taɓa kalandar, domin a cewarsa ruwan sama ba ya sa hannu a takarda. In an yi ruwa yau, sai ya goge ya sake jeri, masu jigawa a gaba kafin laimarsu ta gudu, masu laka a baya har ƙasa ta tsane. Harkokin kansa ma a nan suke, a ƙasan gidan kowace rana da ƙananan baƙaƙe: sunan jaririn wane, ɗaurin auren wance, ranar da zai je Kwanar Dangora sayen iri.

Gidan Alhamis kaɗai yake bari fari fat, kowane mako, daga ruwan farko har a gama huɗa. Ba hutu ba ne. A ranar ne Tanimu ke bin gonakin da aka gaya masa da baki: na matan da mazansu suka rasu, na tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi ci-rani, na mai jinyar da bai iya fitowa ba. Kalandar a rumfar ƙungiya take rataye, kowa na karantawa. Na taɓa tambayarsa dalilin da ba ya rubutawa, sai ya ce, "Wadda ta rasa miji ta yi rashin da ya ishe ta. Ba sai an rataye sunanta a bango ba."

Bayan rasuwarsa dattijon da ya gaje shi ya riƙe wannan tsari yadda ya same shi, kuma gonar Hajara ta shiga cikin gonakin Alhamis ba tare da wani ya furta ba. Bara bayan girbi dattijon ya sauka, matasa suka karɓa.

Da na zo gida bana don addu'ar cikar shekarun, kwana uku da yin ruwa mai kyau. Gonaki duk an ja kunya, sai ta Hajara, ciyawa ce kawai a kwance. Jigawa ce, ba ta riƙe laima. In mako ya wuce ba a huɗa an shuka ba, sai a jira wani ruwan, kuma masarar da ta makara kowa ya san yadda take ƙarewa. Abincin shekararta ke nan.

"Ɗan rediyo," ta ce da ni, domin ba ta taɓa daina tsokanar ƙanin miji ba, "labaran duniya ka kawo mana, ko tuwona ka zo ci?"

"Uwargida, gonarki na gani. Me ya faru?"

"Wai yanzu a waya ake kama layi. Tawa wayar kuwa ko fitila da ƙyar take kunnawa. Ci tuwonka."

Na nemi sabon sakatare, Nafi'u, ɗan maƙwabcinmu ne da ya gama karatu. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ba ni labarin abin da yake ganin shi ne babban aikin shugabancinsu. Zama uku suka yi a cikin rani kan zaɓen manhajar kalanda. Ɗaya an ƙi ta don tana cin data. Ɗaya an ƙi ta don ba ta nuna watan Musulunci. Shugaba ya nace sai wadda za ta haɗa masa jadawalin tarakta da bukukuwan gidansa a shafi ɗaya, aiki da launin kore, harkar kai da launin shuɗi. Ma'aji kuma abin da ya dame shi sautin ƙararrawar tunatarwa. Aka ci, aka sha, aka kaɗa ƙuri'a. A zama ukun nan ba a gayyaci Tanimu ba, mutumin da ya fi shekara ashirin a kan kujerar taraktar.

"Baba, mun ma duba tsofaffin kalandun marigayi," in ji Nafi'u. "Allah Ya jiƙansa, ya yi ƙoƙari, amma duk mako rana guda yake zubarwa. Yanzu ba gurbin da ke tafiya a banza. Tun watan Maris aka cika komai."

Na karɓi wayarsa na duba. Gaskiya ya faɗa. Kowace Alhamis ta cika da sunayen masu manyan wayoyi, wasu ma gona biyu-biyu. Sun kama ranakun huɗa tun ana tsananin zafi, kamar hadari ya aiko musu da takardar sanarwa.

Kada a ce tsohon ɗan jarida yana faɗa da zamani. Ni ma da irin wannan manhaja nake tsara shirye-shiryena da ranar ganin likita, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Abin da ka zuba mata shi take riƙewa. In ta ga gida babu rubutu, sai ta ce babu kowa, domin iyakar saninta ke nan. Abin da na raina shi ne mutum mai ido da baki, haifaffen garin, ya ga gida fari sau ɗari a hannun wanda bai taɓa wasa da aiki ba, kuma bai iya taka ƙafa ya tambayi dalili ba. Tambaya mabuɗin ilimi ce, amma sai ga wanda ya yarda bai sani ba.

Na gaya masa abin da Alhamis take nufi. Nan take fuskarsa ta washe.

"Ai da sauƙi, Baba! Sai mu ba su launi nasu. Ja, misali. Kowace ta zo ta yi rajista, mu sa sunanta, kowa ya gani a wayarsa."

Da na kai wa Hajara wannan albishir, dariya ta yi wadda ba ta kai ciki ba. "Jan launi? Su bari in mutu tukuna, sai su shafa wa kabarin."

Me Yaya Sule zai ce da a ce yana nan? Ba na jin zai zagi wayar. Mutum ne mai son abin da ke rage wahala. Shi ya fara kawo injin casar masara garinmu. Ina jin zai karɓa ya jujjuya, ya tambayi abu ɗaya: a ina ake nuna mata cewa gida ya cika alhali ba a rubuta komai ba? In an ce babu, sai ya miƙa musu abarsu. Su sun yi zaɓe tsakanin manhaja da manhaja, sun ɗauka shi ne aikin. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kalandunsa suna nan a cikin akwati a ofishin ƙungiya, gara ta fara cin gefensu, kuma ban damu ba. Abin da ya bari ba ya cikin takarda. Yana cikin kan mutum ɗaya da ya haddace hanyar gonaki goma sha ɗaya ba tare da an taɓa rubuta masa ko ɗaya ba. Na sami Tanimu yana ɗaure garma, na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu.

"Malam, bar shi. Sun ce ni ma ina da launina a ciki, ko? Shuɗi. Duk ranar da na sa uzurin gida, ba mai taɓa ta."

Ya sa ɗansa babba ya shigar masa da uzurin gida a Alhamis biyu a jere. Manhajar ta ture sunayen da ke wurin zuwa gaba, ta aika wa kowa saƙo cikin ladabi.

Ranar Alhamis ta farko ya huɗa gonaki shida, ta Hajara ce ta huɗu. Ta shuka ranar Juma'a da safe, da sauran laima a ƙasa. Ranar Asabar kwamitin ƙungiya ya zauna ya ba Malam Tanimu takardar gargaɗi saboda fita da tarakta a ranar da ba ta cikin jadawali.