Irin Dawar da Baba Ya Zaɓo a Cikin Wuta-wuta

Da kakar bana mahaifina ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ba malami ba ne, ba shi da sarauta, manomi ne kawai a Likoro. Na san jarida ba ta saba ba irinsa fili ba. Ni dai na rubuto, in kun ga dama ku buga.

Wuta-wuta ce ta tuna mini da shi, ciyawar nan da wasu ke kira ƙuduji. Bana ta rufe gonarmu ta gado da furenta mai kyaun banza. Dawa ta tsaya iya ƙugu, ganye ya ƙone alhali ana ruwa, ga ni da baki tara a gida.

Ina saurayi ya taɓa tona mini gindin dawa da yatsunsa, ya ɗago saiwar, ga wasu fararen tsiro manne a jikinta. Ya ce, "Duba nan. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take shan dawa. Ranar da ka ga fure, ta riga ta ƙoshi." Irinta kuma kamar ƙura yake, sai ya kwanta shekaru yana jiran saiwar dawa ta zo kusa.

Kowa a garinmu in zai cire iri, inda gona ta fi kyau yake zuwa, ya yanki manyan zangarnu. Baba kuwa sai ya nufi inda wuta-wuta ta fi yawa, ya nemi karan da ya daure ya fid da kai, ya yanke ko da ƙarami ne. Ya ɗaure daban, ya rataye a madafa inda hayaƙi ke bugunsa. Maƙwabta suna dariya, suna cewa Malam ya tafi roron rama. Shi dai amsarsa ɗaya: karan da ya sha wuyarta ya rayu, 'ya'yansa ma za su iya da ita.

Ni aji uku na yi a elementare, na fito ina jin na fi kowa. Bayan rasuwarsa malamin gona ya zo a kan keke da wani iri mai manyan kai, fari tas. Ba laifinsa, bai ce in taɓa namu ba. Ni da bakina na sa aka sauke damin Baba, aka sussuke, aka daka. Tuwon kwana uku muka yi da aikin shekara talatin. Sabon irin ya yi damina biyu yana burge ni, a ta uku wuta-wuta ta gane shi.

Yanzu ko'ina maganar zaɓe ake da mulkin kai, motoci na kwasar auduga zuwa tasha. Da yana nan ba na jin zai ɗaga kai ya kalle su. Tambayarsa ita ce wa ya tuge ciyawar kafin ta yi fure, wa ya ƙone ta. Samarin yau sai ta zuba iri suke tugewa, su jefar a kan iyaka, su ce sun yi aiki. Amma ina bakin da zan zage su?

Watan jiya na je Dandamisa gaida ƙanwata Hauwa. Gonar mijinta ma akwai furen, amma dawa na tsaye da kanta. Ashe Baba ya ba ta dami guda kafin ya kwanta ciwo, ita kuwa ba ta yi boko ba, ta riƙe. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na roƙa.

Ta dube ni ta ce, "Yaya, na shukawa kake so, ko na tuwo?"

Ta miƙo mini wuƙa, ta nuna mini kusurwar da furen ya fi yawa, ta ce in je in yanka da hannuna.

Ɗakin Baba ya rushe, garmarsa ta ƙare, kabarinsa ma sai na yi kirdado. Abin da ya rage ƙananan zangarnu bakwai ne, suna rataye a madafarmu cikin hayaƙi. Na gaya wa mutanen gidana, ko yunwa za ta kashe mu, ba mai sauke su sai ruwan shuka ya sauka.