Maganin Rigakafi A Gindin Randa

Abubuwa da yawa sun shige mini cikin shekarun da na yi ina ba da magani, har garuruwan da na zauna wasu sai na yi tunani kafin in tuno sunansu. Amma abin da na yi da maganin rigakafin ƙyanda a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Funtua, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zai bar raina ba.

A farkon shekarun tamanin ne. Ina saurayi, ban daɗe da gama koyon haɗa magani ba aka tura ni ɗakin shan magani na ƙauyen. Mu biyu ne kawai, ni da wata dattijuwar ungozoma, Kirista 'yar wajen Ƙarfi, wadda kowa ke kira Mama. Ni kuwa Likita ake ce mini, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba, don sunan yana mini daɗi. Muna da firiji mai aiki da kananzir, shi kaɗai ne a duk yankin, an kuma ba mu shi ne don ajiye maganin rigakafi.

Bayan an sayar da auduga aljihu ya yi nauyi, sai dagaci ya tashi yi wa ɗansa aure. Ran Alhamis ya aiko mini da kaji biyu da akwatunan lemon kwalba, wai a sanyaya wa baƙin da za su zo daga Funtua. Firijin ƙarami ne, lemo da magani ba za su shiga tare ba. To da wane ido zan kalli mutumin da ya ba ni ɗakin kwana in ce masa a'a? Mama ta tafi ganin gida, babu mai tsawata mini. Sai na kwashe kwalaben rigakafin, na naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye a gindin randa, inda muka taso muka ga iyayenmu na ajiye goro da man shanu. Har ina yaba wa kaina dabara. Alhali sanyi ya riga ya ja baya, in rana ta take kwanon ɗakin nan zafi yake kamar tanda. Biki ya ja, ban mayar da su firiji ba sai ran Lahadi.

Litinin ce ranar allura. Mata suka cika gindin darbejiya, wasu tun asuba suka taso daga ƙauyuka da rugage, goye da 'ya'yansu. Mama ta riga ta dawo, tana ɗaukar kwalba ɗaya ta ga takardar jikinta ta jiƙe ta saɓule. Ta tambaye ni, na gaya mata ina 'yar dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

"Ɗana, maganin nan ya mutu," in ji ta. "Fita ka ba matan nan haƙuri, su dawo in an kawo sabo."

Na ɗaga kwalbar na nuna mata cewa ko kala bai sauya ba. Har na ce mata ni na yi karatun magani, ita ta tsaya ga karɓar haihuwa. Wannan maganar har yau in na tuna ina jin kunyarta. Gaskiyar ita ce an koya mana zafi na kashe maganin nan ba tare da ya nuna alama ba, na sani sarai. Tsoro nake ji. In na sallami matan za su tambayi dalili, dalilin kuwa zai tona ni, ya taɓa dagaci. Na dafa allurai na yi wa yaran kaf. Ran nan Mama ba ta riƙe mini ko yaro ɗaya ba.

Da bazara ta shigo ƙyanda ta ɓarke. Na fara ganin fuskokin da na sani, yaran da na yi wa allura da hannuna, jiki ya feso, ido ya yi ja. A cikinsu akwai wata yarinya da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Uwarta daga hayin rafi take, kuma sai da ta sha fama da mutanen gidansu kafin su bar ta ta kawo ta allurar. Yarinyar ta tashi, amma ciwon ya tafi da idanunta duka biyu.

Na zaci uwar za ta zage ni, da ma ta yi hakan da na fi samun sauƙi. Sai ga shi ita ke ba ni haƙuri.

"Likita, kai ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allurar ce dai ba ta karɓe ta ba. Haka Allah Ya so."

Nan na kasa daurewa. Mama na tsaye na gaya wa uwar komai, har lemon. Ta gyara wa 'yarta ɗankwali. Sannan ta goya ta, ta dube ni.

"Da ka ce mu koma, ai da mun koma mun dawo. Tafiya ce kawai."

Na rubuta wa manyanmu abin da ya faru, aka ja mini kunne sosai aka sauya mini wurin aiki. Na ji labarin sai da Mama ta yi ta bi gida-gida kafin mata su sake yarda su kawo yara.

Na yi shekaru bayan haka ina koya wa masu tasowa aikin nan, kuma kafin riƙon allura, ajiyar magani nake fara koya musu. Abin da na koya shi ne, uwar da ta miƙo maka hannun ɗanta ba ta da hanyar sanin abin da ke cikin kwalba, kai ne idonta. In kana shakkar magani, zubar da shi ka faɗi gaskiya. Kunyar da na guje wa ta wuni ɗaya ce, yarinyar nan kuwa in tana raye yau ta yi jikoki, ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba.